Mutumin da Ke Tsaye a Bakin Layi

Ƙanwata ta fito daga gidan aurenta bayan shekara shida, da 'ya'ya biyu da kunnen hagu wanda ba ya ji sosai saboda mari. Kafin nan ta yi yaji sau uku, kuma sau uku ana zuwa biko, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a zaunar da ita a gaban manya a tuna mata cewa zaman aure ɗan haƙuri ne. A karo na huɗu ta ƙi komawa, ta kai ƙara gaban alƙali, aka raba auren. Ta dawo wurina a ɗaya daga cikin garuruwan da ke kewaye da Abuja, muka yi hamdala, muka ɗauka cewa wahala ta zo ƙarshe.

Ba ta gama idda ba muka fara ganinsa a teburin mai shayi da ke bakin layinmu. Yakan zo bayan la'asar, ya sayi shayi kofi ɗaya, ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofar gidanmu, ba zai tashi ba sai an idar da isha'i. Ba ya magana da kowa, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Idan dare ya yi sai wayarta ta fara ƙara daga lambobin da ba ta sani ba. Ta sauya layi sau biyu, kuma kowane lokaci ba a yin mako ɗaya ya samo sabuwar lambar. Wata rana ya aiko mata da saƙo mai jimla ɗaya, yana gaya mata cewa shuɗin hijabin da ta saka zuwa kasuwa ya yi mata kyau. Na ga yadda hannunta ya ɗauki rawa da ta karanta, domin ba ta gan shi a kasuwar ba, shi kuwa ya gan ta. Daga ranar ta daina zuwa shagon ɗinkin da take koyon aiki, ta daina kai yara Islamiyya, ta koma kwana da mukullin ɗaki a ƙarƙashin matashi.

Da muka kai maganar ga dangi, wani kawunmu ya saurara har muka gama, sannan ya dube ta ya ce, "To 'yata, ai bai taɓa ki ba. So ne yake damunsa, kome yake nema." A wani ofishin 'yan sanda ma tambayar farko da jami'in da ke kan tebur ya yi mini ita ce, "Hajiya, ya dake ta ne?" Da na ce tun da aka rabu bai dake ta ba, sai ya rufe littafinsa ya ce hanya ta gwamnati ce, kowa yana da ikon zama a bakin titi, mu je mu sasanta a gida. Mun fito daga wurin ina jin kunyar kallon fuskar ƙanwata, saboda ni na ba ta tabbacin cewa idan muka je za a yi wani abu.

Wata lauya da ke aikin sa kai da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ce ta fara gaya mini cewa abin da mutumin nan yake yi laifi ne mai suna da hukunci a dokar ƙasa. A watan Mayun 2015, kwanaki kaɗan kafin ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Sashe na 17 na wannan doka ya haramta bibiya, kuma dokar ta fassara ta da yawan sa wa mutum ido, ko yin zarya a kusa da gidansa ko wurin aikinsa ko makarantarsa, ko bin sawunsa da tare shi ta hanyar da za ta jefa shi cikin tsoro. Hukuncinta ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2, ko tarar da za ta iya kaiwa naira 500,000, ko duka biyun. Da lauyar take karanta mini, sai na ji kamar wanda ya rubuta sashen ya taɓa zama a teburin mai shayin layinmu. Dokar ba ta ce sai an yi duka ba, ba ta ce sai an ga jini ba.

Akwai abubuwa da yawa a cikin dokar waɗanda na tabbata yawancin matanmu ba su taɓa jin labarinsu ba. Dukan mata ko miji, a sashe na 19, yana iya jawo ɗaurin shekara 3. Korar abokin zama daga gida da ƙarfi laifi ne, haka watsar da mata da 'ya'ya ba ci ba sha, haka hana mace hanyar samun kuɗinta don a mallake ta, haka cin mutunci da baki wanda ke karya zuciya. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne umarnin kariya, wanda sashe na 28 ya tanada. Wadda ake cuta tana iya roƙon kotu ta hana mai cutar da ita kusantar gidanta ko wurin aikinta, kuma idan aka bayar da umarnin yana aiki a duk faɗin Najeriya. Idan akwai haɗari na gaggawa, kotu tana iya bayar da na wucin gadi tun kafin a ji ta bakin wanda ake ƙara. Ɗan sanda ko ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta yana iya shigar da buƙatar a madadinta idan ta amince a rubuce. Dokar ta kuma ɗora wa 'yan sanda nauyin taimaka mata ta sami magani da mafaka, har da raka ta ta kwaso kayanta. An damƙa kula da aiwatar da dokar a hannun hukumar NAPTIP, wadda aka fi saninta da yaƙi da fataucin mutane, kuma ita ce ta buɗe kundin sunayen masu laifin fyaɗe na ƙasa a watan Nuwamban 2019.

Domin a san nisan da aka yi, sai a tuna da kundin laifuffuka na Arewa wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 55 na wannan kundi ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa idan al'adarsu ta yarda da haka, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Shekaru masu yawa ana horar da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara a ƙarƙashin wannan tunani, saboda haka tambayar da aka yi mini a kan tebur tana da tushe mai zurfi. An rubuta sabuwar doka, amma mutanen da za su ɗauke ta su yi aiki da ita sun tashi da tsohuwar a ƙwaƙwalwarsu.

Dokar 2015 ta tarayya ce, kuma a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, sai kowace jiha ta yi tata. Legas ta yi nisa tun da wuri, domin tun 2007 take da dokar kare mutane daga cin zarafi a cikin gida, kuma a 2021 ta kafa hukuma guda mai zaman kanta don wannan aiki kaɗai. A Arewa, Kaduna ta yi tata a 2018. Yawancin sauran jihohin ba su motsa ba sai a 2020, lokacin da kullen korona ya rufe mata a ɗaki ɗaya da masu dukansu, kuma kisan wata ɗalibar jami'a bayan an yi mata fyaɗe a cikin coci a birnin Benin ya girgiza ƙasa. A watan Yunin 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata, daga nan majalisun jihohi suka shiga amincewa da dokar ɗaya bayan ɗaya, Bauchi da Jigawa da Sakkwato da Borno da sauransu. Kano, wadda ta fi kowace jihar Arewa yawan jama'a, ta daɗe tana jan ƙafa a kan batun.

Ba na raina wannan ci gaba, amma na ga iyakarsa da idona. A Abuja babbar kotu ce kaɗai dokar ta ba ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki. Macen da ke zaune a Gwagwalada ko Kubwa ko Dei-Dei, wadda ba ta da kuɗin mota sai ta roƙa, wadda kotun da ta sani ita ce ta alƙalin da ya raba aurenta, ta yaya za ta san hanyar babbar kotu, ta sami lauya, ta rubuta takardar rantsuwa da Turanci? Umarnin kariya magani ne na gaggawa, kuma maganin gaggawa da aka ajiye a inda sai mai hali zai kai gare shi bai cika amfaninsa ba. Ina ganin ya kamata a ba kotunan majistare da kotunan yanki da na shari'ar Musulunci ikon bayar da shi a rana ɗaya, domin a can mata suke zuwa.

Alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna girman abin. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka, kuma kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka taɓa aure sun sha duka ko tilastawa ko cin mutunci a hannun miji. Fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu, kashi 55 cikin ɗari, ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema kuwa, mafi yawansu wurin danginsu suka je. Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai, domin yana nufin ƙofar farko da mace ke ƙwanƙwasawa ita ce ta iyayenta da kawunnanta, kuma abin da aka ce mata a can shi ke yanke ko za ta ci gaba da nema ko za ta koma ta yi shiru. Duk manufar gwamnati da ba ta isa zauren mai unguwa da mumbarin Juma'a da taron iyaye mata ba, ta tsallake wurin da ake yanke hukuncin gaske.

Akwai cibiyoyin taimako, kuma ya kamata kowa ya san su. Cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013 ita ce ta farko a irinta, inda wanda aka yi wa fyaɗe zai sami magani da gwaji da shawara da rahoton likita a wuri ɗaya kyauta. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, har da Zariya da Kafanchan, a Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija, wadda aka kafa da tallafin shirin haɗin gwiwa na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana karɓar ƙorafi a ofisoshinta na jihohi, hukumar bayar da lauyoyi ga marasa galihu tana nan, ƙungiyoyin mata irin su WRAPA da FOMWAN sun daɗe suna wannan aiki, kuma Hisbah a Kano da wasu jihohi tana karɓar rikicin aure kullum. Na san mata da suka sami sauƙi ta waɗannan hanyoyi, kuma ina yi wa ma'aikatansu addu'a, domin aikin yana cin rai.

Sai dai yawancin waɗannan cibiyoyi an gina su ne don wadda an riga an yi mata ɓarna, kuma da yawansu da kuɗin masu ba da tallafi daga waje suka tashi, abin da ke sa aikinsu ya yi rauni duk lokacin da shirin da ke ɗauke da su ya ƙare. Wadda ake bibiya ba ta da rauni a jiki da likita zai rubuta. Abin da take buƙata shi ne wurin kwana da mai binta bai sani ba, da jami'in da zai ɗauki tsoronta da muhimmanci, da takardar kotu da za ta ja masa layi. Gidajen mafaka na mata kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan jama'armu, kuma a al'adarmu macen da ta gudu gidan iyayenta ko na yayarta take zuwa, wato daidai inda mijin ya fi sanin hanya. Ƙanwata ta gudo wurina, shi kuwa a gidana ya sha ruwa ranar da ya zo gaisuwar surukai.

Dalilin da ya sa nake nanata maganar bibiya shi ne, ita ce gargaɗin da ke zuwa kafin mummunan abu. Masu binciken kisan mata a ƙasashe da yawa sun nuna cewa lokacin da mace ta rabu da mai cutar da ita yana daga cikin lokutan da ta fi shiga haɗari, domin mutumin da ya saba mallakarta yana jin ta kuɓuce masa. Saboda haka ne Ingila ta mayar da bibiya laifi mai zaman kansa a 2012, daga baya kuma ta ba 'yan sanda ikon nema wa mutum umarnin kariya daga mai binsa tun kafin a kai ga shari'a. Mu ma muna da namu darasin. A watan Satumban 2022 wani ɗan ƙasar Sin ya shiga gidan iyayen wata matashiya da suka taɓa soyayya a unguwar Janbulo a Kano, ya caka mata wuƙa har lahira, kuma a watan Maris na 2024 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. A Abuja ma, mawaƙiyar yabon addinin Kirista Osinachi Nwachukwu ta rasu a watan Afrilun 2022, sai bayan rasuwarta na kusa da ita suka fito suna ba da labarin dukan da ta daɗe tana sha, kuma a 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. An yi shari'a a duka biyun, amma ga iyalan da suka binne 'ya'yansu wannan ihu ne bayan hari.

Bibiyar ta yanzu kuma ta shiga waya. Tsohon miji ko saurayin da aka ƙi yana riƙe da hotuna da saƙonnin murya, ya yi barazanar watsa su a Facebook ko TikTok ko rukunin WhatsApp na dangi, kuma ya san cewa a wurinmu zubewar mutuncin mace ya fi mata duka ciwo. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai aika saƙon barazana, amma sashenta na 24 ya fi yin suna wajen kama 'yan jarida da masu sukar manyan mutane fiye da kare bazawarar da ake tsoratarwa da tsakar dare. Wannan yana ba ni takaici, domin ƙwarewar da ake amfani da ita a gano wanda ya zagi mai mulki cikin kwana biyu ita ce za ta iya gano mai lambobin da suka hana ƙanwata barci.

Masu adawa da dokar sukan ce baƙuwa ce, an shigo da ita don a rusa aure. Na yarda cewa akwai sassan da malamai da lauyoyi za su iya zama su daidaita da shari'a, kuma jihohi da dama sun yi haka kafin su amince. Amma ban ga inda addininmu ya halatta abin da aka yi wa ƙanwata ba. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace da hannunsa ba. Alƙur'ani ya yi umarni da a riƙe mace da alheri ko a sake ta da kyautatawa, ya hana a riƙe ta don cutarwa, ya kuma hana bin diddigin sirrin mutane. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, macen da ta tabbatar da cutarwa tana da haƙƙin alƙali ya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba, amma mata da yawa ba su san haka ba, sai su ci bashi su biya hul'i don su fanshi kansu daga wanda ya fasa musu baki. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya daɗe yana magana a kan wannan, tun daga yunƙurinsa na samar da dokar iyali a 2017, kuma a wani taro a Jami'ar Bayero a watan Disamban 2024 ya faɗa a fili cewa yakan gaya wa 'ya'yansa mata su rama idan miji ya mare su. Maganar ta tayar da ƙura, ni ma ba zan ba ƙanwata shawarar ramawa ba saboda na san ƙarfin hannun da ya kashe mata kunne, amma na fahimci zafin da ya fito da ita.

Lauyar nan ta ce mu sayi littafin rubutu, mu riƙa rubuta kowace rana da ya zo, da lokacin zuwansa da na tafiyarsa, mu adana kowane saƙo, kada mu goge ko ɗaya, kada kuma ƙanwata ta amsa masa ko da kalma guda. Mai shayin ya yarda zai ba da shaida, ya ce shi ma zaman mutumin ya daɗe yana damunsa. Bayan mako biyar muka koma da littafin da takardar koke wadda ta ambaci sashe na 17, lauyar tana gaba muna biye. A wannan karon an ba mu kujera. An kira shi, aka karanta masa abin da dokar ta ce, ya sa hannu a gaban mai unguwa da yayansa cewa ba zai sake kusantar layinmu ba, kuma ganin yara zai kasance a gidan mahaifiyarsa ta hannun wani dattijo. Ba mu kai ga kotu ba. Abin da ya bambanta zuwanmu na farko da na biyu shi ne mace ɗaya mai ilimin doka da ta ba mu lokacinta kyauta, kuma ina yawan tunanin matan da ba za su taɓa haɗuwa da irinta ba. Da a ce kowane ofishin 'yan sanda yana da jami'a mace da aka horar a kan wannan doka, da a ce an fassara dokar da Hausa ana karanta ta a rediyo kamar yadda ake sanar da rigakafin shan inna, da a ce kasafin kowace jiha yana da kuɗin gidan mafaka ko da ɗaya a kowace shiyya, da ba sai an dace da lauya ba kafin a saurari mai kuka.

Kiran waya bai tsaya nan take ba, ya ɗauki wasu watanni yana raguwa. Ƙanwata ta koma shagon ɗinki, yanzu ma ta sayi kekenta da kuɗin adashe, ita take ɗinka wa yaran unguwa kayan makaranta. Har yau idan za ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi teburin mai shayi kafin ta sa ƙafa a waje. Littafin yana nan a cikin akwatinta, ƙarƙashin atamfofi, kuma makon jiya ta fito da shi ta nuna wa wata maƙwabciyarmu yadda ake jan layin kwanan wata da na lokaci, domin ita ma 'yarta ta baro gidan miji, kuma an fara ganin babur ɗinsa a bayan makarantar da take koyarwa.